Ƙarfen da Ya Bugi Autarmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da wata ƙawata 'yar kasuwa da ke zuwa Malesiya saro mayafai. Waɗanda suka ga hotona a filin jirgin Kano sun yi ta rubuto min "a sha hutu lafiya, Malama." Na amsa da amin, amma ba hutu ne ya fitar da ni ba. Aiko ni aka yi, kuma aiken mai nauyi ne. Yanzu da na dawo, mai labarin ta ce in ba ku shi in dai ban kama sunan kowa ba.

Autarmu ta shekara uku a Kuala Lumpur, ita da mijinta, duka biyun karatu suke yi. Wata rana suna hira da Umma ta bidiyo, Auta ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai Umma ta hango wani baƙin tabo a damtsenta ta ciki, irin wanda jini ke kwanciya. Ta tambaye ta. Auta ta ce, "Ƙarfe ne ya buge ni." Bayan sati biyu ga wani a ɗaya hannun, shi ma wai ƙarfe. Daga nan ta koma sa riga mai dogon hannu duk ranar da za a yi waya. Abin da ya ƙarasa tayar wa Umma hankali shi ne da Auta ta ce a daina aiko mata man kaɗe, yarinyar da tun tana zanen goyo ba ta san wani mai ba sai shi.

Umma ta haɗa wannan da wancan, ta yanke cewa mijin ne. Ba za ta iya tambayar suruki ba, kuma ba ta so maganar ta je kunnen kawunnanmu kafin a tabbatar. Sai ta kira ni ɗaki. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke, ki je ki gano min. In abin da nake zato ne, kada ki dawo ke kaɗai." Na fita na san abin da ke wuyana: auren ƙanwata da karatunta.

Hanyar Kano ta yi mana kirki, sai 'yan wuraren da ake gyara. A Kwanar Dangora muka tsaya direba ya sha shayi. Muka yada zango a Doha, inda na ga farashin ruwan gora na mayar da shi wurinsa cikin ladabi. Ƙawata ta yi barcinta tun daga can har muka sauka. Ni kuwa duk tsawon tafiyar ina tsara maganar da zan yaɓa wa mijin Auta. Na shirya ta da Hausa, na sake shirya ta da Turanci ko da zai nemi ya yi min boko.

Da hantsi muka sauka. Ana buɗe ƙofar fita wani zafi mai danshi ya rufe ni, kamar na leƙa madambaci. Ga su nan su biyu suna jira. Auta ta ruga ta rungume ni har sai da ƙashin bayana ya yi ƙara, abin da ya ba ni mamaki, don na san ta da sanyin jiki. Mijin ya ɗan rusuna ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na amsa a daƙile. Da ya miƙa hannu zai ɗauki akwatina, hannun na bi da kallo.

Akwai jirgin ƙasa mai gudu daga filin jirgi zuwa cikin gari, amma kuɗinsa ya ninka na bas kusan sau huɗu, don haka bas muka hau. Ni malamar labarin ƙasa ce, duk fushin da nake yi bai hana ni manne fuska a taga ba. Bishiyoyin manja ne jere reras iya ganinka, ko'ina kore shar. A hagu suke tuƙi, sau biyu ina salati ina zaton direba ya kauce hanya. A babbar tashar KL Sentral muka rabu da ƙawata, ta nufi masaukinta kusa da kasuwa, mu kuma muka shiga wani jirgin zuwa unguwarsu, Pantai Dalam.

Gidansu yana hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene da ɗalibai suka yi yawa. Kowace ƙofa da tarin takalma a bakinta, don ba a shiga gida da takalmi, wannan kam mun yi tarayya da su. Mijin ya sauka ya yi mana tapau, wato ya sayo abinci a ƙunshi. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan kifi, da ƙwai, da wani jan yaji. Ringgit huɗu ƙunshi ɗaya, a kuɗin ƙasar. Na yi niyyar in ɗan taɓa kawai don ya gane ban huce ba, sai ga shi na suɗe takardar. Laifi ɗaya na samu: sukari suke sa wa yajin. Har na baro ƙasar ban yafe musu wannan ba.

Kwana biyu na yi ina aikin ɗan sanda. In sun fita makaranta sai in bi gidan ina neman ƙarfen da ke bugun mutum a damtse ta ciki. Na duba ƙarfen taga, na duba gado, na shafa hannun ƙofar banɗaki. Babu. Amma ita kanta Auta ta rikita min lissafi. Matar da ake duka na san yadda take tafiya a gidanta, na ga irinsu. Wannan kuwa waƙa take yi a kicin. Ranar da gas ya ƙare na ga ta sunkuci tukunyar ta kai ƙofa ita kaɗai, alhali a gida rabin bokiti sai an kama mata. Da ta miƙo min kofi na riƙe tafin hannunta, na ji kanta ta fito mata irin ta masu jan guga.

Ranar Asabar da safe ina ɗaki na ji mijin yana cewa, "Ki yi sauri fa, kada ki makara wurin ƙarfen naki." Na jira ta shigo, na tura ƙofa, na kama hannunta na naɗe rigar sama. Ga tabon nan, sabo.

Na ce, "Wa ya yi miki wannan? Kuma kada ki ce min ƙarfe."

Ta dubi tabon, ta dube ni. Sai ta zauna a ƙasa ta kama dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta samu numfashi ta ce, "Yaya, wai Umma ta ɗauka shi ne? Innalillahi. Wallahi ƙarfe ne, serious. Sa hijabinki, ki zo ki gan shi da idonki."

Tasha kaɗan ce daga gidansu zuwa Brickfields, unguwar Indiyawa da ke maƙale da KL Sentral. Can hancinka ne ke fara isa kafin ƙafarka: turaren tsinke, kori, da furannin da ake saƙawa kamar carbi ana ratayewa a bakin shaguna. Waƙoƙi na tashi daga kowane kanti. A gefen titi an shimfiɗa wani layi mai ƙuraje don makafi su riƙa bi da sanda, kuma na ga suna bi su kaɗai ba ɗan jagora. Muka tsaya gaban wani shagon sari, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa. Mijin ya ja kujera a mamak ɗin da ke kusa, wato gidan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, ya buɗe kwamfutarsa. Mai shayin bai ma tambaye shi ba ya kawo masa shayi. Auta ta ce nan ne ofishinsa duk Asabar.

Muka hau wani siririn bene. Ƙofar ba allo, sai 'yar takarda da ke cewa mata zalla. Daga ciki akwai kwando, kowa ta jefa wayarta, don ba a ɗaukar hoto. Tagogi duk an saki labule masu kauri. Sannan na ga su: sandunan ƙarfe tara, masu ƙyalli, kowanne a kafe daga ƙasa har rufi, kaurinsa bai kai taɓarya ba. Madubi ya cinye bango guda, ga katifu zagaye da gindin kowane ƙarfe.

Mata sun kai goma sha biyar. 'Yan Malay suna cire hijabi suna ratayewa a ƙusa, ga 'yan Sin, ga Indiyawa, har da wata mai furfura da ta girme ni nesa ba kusa ba. Wata ta taho da fara'a ta ce, "Sannu Anti, ya gajiyan hanya?" 'Yar Jos ce, nas, Kirista, shekararta biyu tana zuwa. Kafin in gama amsa mata na waiga, sai na ga autar Umma ta kama ƙarfe ta haye kamar mai cirar dabino, ta maƙale shi da ƙafa, ta saki hannu, ta juyo kai ƙasa. Na yi salati da ƙarfi har ɗakin ya kwashe da dariya.

Nan na fahimci komai. Fata ce ke riƙe ƙarfen, ba tufafi ba, shi ya sa suke sa gajerun kaya, shi ya sa aka rufe tagogi. Inda fata ta matse ƙarfe, cikin damtse da bayan gwiwa da ƙauri, nan jini ke kwanciya. Kuma duk wadda ta shafa mai ranar, santsi zai kwashe ta. Ga amsar man kaɗe.

Da ta sauko na ce, "To me ya hana ki faɗa wa Umma?"

Ta ce, "Da wace Hausar, Yaya? In ce rawa nake yi a jikin ƙarfe? In ce ina hawan falwaya? Kin san inda mutane ke ganin abin nan a fim. Duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta fi tabon muni."

Na juya maganar a raina, na nemo kalma na rasa. Mu da muke da suna ga kowane irin daka da kowane irin lalle, ba mu tanadi ko ɗaya ga wannan ba.

Mai wurin suna kiran ta Kak, wato Yaya. Bamalaya ce gajera, za ta yi shekara hamsin, da damatsa kamar na mai faskare. Na bi ta tana goge ƙarafan da tsumma ina jero mata tambayoyi, ita kuma ba ta gajiya da amsa. Ta ce da can a ofis take aiki, ciwon baya ya sa ta gaba bayan haihuwarta ta uku. Ta ga abin a intanet, ta yi odar ƙarfe ɗaya ta kafa a falonta. Da surukarta ta zo ta tambaya, sai ta ce mata rufin ne ke neman ruftowa aka tokare shi. Tsohuwa ta shekara tana kewaye ƙarfen a hankali tana yi wa magina Allah ya isa. Na ce a raina, ashe ba autarmu ce ta fara ba.

Maƙwabta biyu ne suka fara zuwa, su ma a ɓoye. Da suka kai shida falo ya yi musu kaɗan, suka samu wani ɗaki a bayan shagon gyaran gashi suna haɗuwa ranar Lahadi da safe. Ta ce neman wuri nasu na kansu shi ya fi ba ta wuya. Masu gida uku suka juya mata baya da jin abin da za a yi, kowa na zaton gidan rawa za ta buɗe. Mai shagon sarin nan na ƙasa ce ta ce bari ta hau ƙarfen ta gani tukuna. Ta hau, ta gani, ta ba su saman, kuma ita ce mai furfurar da na gani ɗazu. Da ƙarfe huɗu suka fara.

Lokacin kullen korona wurin ya yi watanni a rufe. Suka koma haɗuwa ta waya, kowa a ɗakinta, masu ƙarfe kaɗan ne, sauran suna motsa jiki da kujera da bakin ƙofa. Kak ta ce a lokacin ne ta gane ba don ƙarfen kaɗai suke zuwa ba, don sai a gama a ƙi kashe waya. Da aka buɗe gari sai ga kowa ta dawo da ƙawa ko ƙanwa. Suka fasa bangon ɗakin gefe suka haɗe. Yanzu maƙwabtan nan biyu na farko su ke koyar da sababbi, ɗaya daga cikin ɗalibanta ta buɗe nata wurin a wata unguwa. In wata ta haihu ko ta kwanta asibiti, akwai jerin masu kai mata abinci, suna manne a bayan ƙofa.

A kusurwa akwai wani ƙarfe da ƙyallinsa ya dushe. Shi ne na falon. Suna kiran sa Nenek, wato Kaka, kuma al'adarsu duk baƙuwa a kansa take farawa. Kak ta dube ni ta ce, "Boleh?" Wato za ki iya? Na ce ni kallo na zo. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, "Boleh! Boleh!" Ni da nake tsawata wa aji mai ɗalibai saba'in, sai ga ni an ara min riga mara hannu.

Na kama Kaka, na ɗage ƙafa, na zame sumul na zauna daɓas a katifa. Da safen nan na shafe jikina da man kaɗen da Umma ta ba ni in kawo ko an ƙi ko an so. Aka kai ni famfo, nas 'yar Jos ta wanke min hannu har kafaɗa da sabulun wanke-wanke. Na dawo na matse ƙarfen a damtse yadda aka nuna min, na ɗaga ƙafa. Suka ƙirga min ɗaya, biyu, uku, na faɗo. Zafin kamar an ɗora min dutsen guga. Amma a cikin ƙirga ukun nan na ji wani abu da na manta tun ina hawan mangwaron gidan kakarmu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi min daɗi.

Ina murza wurin Kak ta zauna kusa da ni. Ta nuna Auta da haɓa ta ce ta yi nisa, ba kamar ranar da mijinta ya kawo ta ba. Ta ce shi ya fara zuwa shi kaɗai. Ya hau benen, ya tsaya a waje kansa a ƙasa, ya tambaya ko suna karɓar macen da ba ta son magana da kowa. Ta faɗa ne tana zaton na san labarin.

Da muka sauko an tsuge da ruwan nan nasu na bayan azahar. Muka fake a barandar shagon sari, nan Auta ta faɗa min. Bara ta yi ɓari, cikin wata biyar. Suka ɓoye wa gida saboda hawan jinin Umma, suna jira ciki ya yi ƙwari su yi albishir, sai ya zamana ba abin faɗa. Ta yi wata uku ba ta fita, ba ta karatu, in Umma ta kira sai ta wanke fuska ta yi murmushi. Nas 'yar Jos ɗin nan, wadda ta kula da ita a asibiti, ita ce ta ba mijin shawarar wurin. Auta ta ce satin farko zama kawai take yi a gindin Kaka, ba wadda ta tambaye ta komai, sai dai a ajiye mata ruwa. "Yaya, jikin nan haushinsa nake ji, gani nake ya ci amanata. Ranar da na fara riƙe kaina a sama, ranar na fara yafe masa."

Na yi kuka sosai, na tausayinta da na kunyar kaina. Na tsallaka cikin ruwan na je teburin mijin, na ja kujera. Duk jawabin da na tsara a jirgi ya gudu. Na ce, "Ka yafe min."

Ya ce, "Ba komai, Yaya. Tun a filin jirgi na ga kina kallon hannuna." Ya ɗaga wa mai shago hannu a kawo min shayi. Wai al'adar wurin Kak ce, wadda ta samu tabon farko sai an saya mata. Mai shayin ya yi ta jan sa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, sak masu shayin bakin tasharmu.

Sauran kwanakin na yi yawon da kuka yi min fata. Na je tagwayen dogayen benayen nan da garin ya yi suna da su na yi hoto, na raka ƙawata kasuwa, na bi mijin Auta makarantarsu a Jalan Semarak na ci tuwo a wurin wata 'yar Kaduna da ke sayar wa ɗalibai. Na ɗanɗana ɗan itacensu duriyan sau ɗaya, wanda warinsa kawai ya isa a kira mai gyaran kwata. Wurin Kak kuwa na koma sau biyu. Ba zan ce komai nasu ya kwanta min ba. Kiɗan ya yi min yawa, kuma har yanzu in na ga mutum kai ƙasa sai na kau da kai. Ranar da zan tafi Auta ta ce in faɗa wa Umma duka, ita ba za ta iya ba.

Da la'asar na iso Zariya. Umma na zaune a tabarma, idonta a bayana tana duba ko mu biyu ne. Na gaishe ta, na zauna, na naɗe hannun rigata. Tabona ya nuna sosai, daidai inda ta ga na Auta.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Ke ma?"

Na ce, "Ni ma, Umma. Kuma wallahi ƙarfe ne."

Na yi mata bayani da Hausar da na samu, na haɗa da taɓarya da hawan mangwaro. Ta yi ta girgiza kai, da na kai kan surukar Kak har ta yi dariya. Sannan na faɗa mata ɗaya labarin. Ta ce, "Wata nawa?" Na ce biyar. Ta ce, "Ni ina nan ina ƙirga tabon hannu."

Ta ce in kira mata waya. Na nemo lambar Auta, ta ce a'a, shi. Tun da aka ɗaura auren nan Umma ba ta taɓa kiran sa da kanta ba. Ya ɗauka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar yana gabanta, ta ce "Allah ya yi maka albarka" sau uku, ta miƙo min wayar.

Na tafi da hukunci a jaka, na dawo da tabo a damtse. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne mun iya kula da abin da ido ya gani, amma kunyarmu kan sa mutum ya rasa bakin faɗin abin da ke cin sa, har wanda ya tsaya masa ya zama abin zargi. Da ban hau benen nan ba, da na raba ƙanwata da mutumin da ke zaman mamak duk Asabar yana jiran ta.

Washegari ƙawata ta aiko cewa wani mai kai kaya zai koma can ƙarshen wata. Umma ta fito da robar man kaɗe babba ta ajiye a gabana. Na ce mata ai na yi bayani, santsi yake sa ta. Ta ce, "Na ji. Ki rubuta a jiki, ta shafa ranar da ba ta hawa."